Mage a Kwale-kwale

 

An ce in yi magana kan bincikena, amma na san da na fara lissafin gudun ruwa a cikin bututu, rabinku za ku koma layin shinkafa. Don haka kan katun zan yi magana. E, katun.

Sunansa Flow. Wani matashi ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, shi ya shirya shi, ya fito a 2024. Labarin wata mage ce da ambaliya ta cinye dajin da take zaune, ta faɗa wani kwale-kwale tare da kare, da wani dangin biri na Madagaska, da wani dogon tsuntsu, da kafibara, wato ƙaton ɗan uwan gafiya na Kudancin Amurka. Ba mutum ko ɗaya a fim ɗin, sai kangaye da manyan gumakan mage. Ba a furta kalma ko ɗaya, kukan dabbobi na gaske aka naɗa. Kukan kafibara ma bai yi musu ba, sai suka aro na ɗan raƙumi.

Wasu masu sharhi sun ce gashin dabbobin a shafe yake, kamar a tsohon gem na kwamfuta. Kuma wallahi ba ƙarya suka yi ba. Da manhajar Blender aka yi fim ɗin, wadda kowa a zauren nan zai iya saukewa kyauta yau da dare. Sashenta mai saurin fitar da hoto suka zaɓa, suka bar wanda ke bin hasken dalla-dalla yana cin lokaci. Kusan Yuro miliyan 3.5 aka kashe, alhali Inside Out 2, abokin takararsa, ya ci kimanin dala miliyan 200.

Amma yawancin masu sharhin ba gashi suka tsaya ƙirgawa ba. Ruwan suka yaba, da yadda kyamara ke bin magen tsawon lokaci ba yankewa, da yadda za ka gane tsoronta daga kunnuwanta kawai. A Maris 2025 fim ɗin ya ci kyautar Oscar, ta farko a tarihin Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba.

To, ni ina ruwana? Lokacin da na kalle shi ina shekara ta uku, na shafe wata huɗu ina jiran layina a babbar kwamfutar sashenmu. Kullum uzurina ke nan a gaban malamina, ga kuɗin tallafina yana dab da ƙarewa. Washegari na rage lissafin, na ɗora shi a kan tsohuwar laftof ɗina. Sakamakon ya fito a shafe kamar gashin magen nan, amma shi ya tona mini kuskuren da na yi tun a babi na biyu. Da babbar kwamfutar na jira, da kuskuren nan zan ɗora mata.

Ƙannena da kuka zo bana, za ku rasa kayan aiki, za ku rasa kuɗi, wani lokaci har mai sauraronku za ku rasa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku fara da abin da ke hannunku.

 Allah Ya ba mu sa'a, Ya mai da mu gida lafiya.