Bashin da banki ya share bai mutu ba: jawabi ga ƴan uwanmu na Amurka da iyalansu na gida

 

Yau maganar bashi za mu yi, bashin katin banki a Amurka. Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Maraɗi ko Tawa da katin Amurka? Ƴaƴanmu ne suka haɗa mu. Akwai ƴan Nijar a Bronx da Harlem cikin New York, akwai su da yawa a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, wasu na tuƙin taksi, wasu na aikin masana'anta, mata na kitso. Kuɗin asibiti da na lakwal da na ragon layya da ke iso mana, wani lokaci daga katin nan ake ciro su. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na can yana da dokokinsa, kuma wanda bai san su ba shi ke shan wuya.

Ga yadda katin yake. Banki ya ba ka iyakar abin da za ka kashe, ƙarshen wata ka biya. Abin da ka kasa biya sai ya fara haihuwar kuɗin ruwa, wanda a 2023 da 2024 ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. A 2023 ne bashin kati na ƙasar baki ɗaya ya wuce miliyar 1000 na dala. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa ba.

To, idan mutum ya yi kwana 180, wata shida kenan, bai biya ba, ƙa'idar hukumomin da ke sa ido kan bankuna ta tilasta wa bankin ya cire bashin daga lissafin dukiyarsa, ya rubuta shi cikin asara. Nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Sai ka ji ɗan uwa yana murna wai an share masa bashi. A littafin banki aka share. A wuyanka yana nan daram, ko sisi bai ragu ba.

Daga nan banki yana da hanya biyu. Ko ya ba kamfanin karɓar bashi ya bi ka, ko ya sayar da bashin ɗungurungum. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, sayen tsohon bashi. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta yi bincike a 2013, ta gano cewa a tsakaita santi 4 suke sayen kowace dala ɗaya. Ku yi lissafi da ni. Bashin dala 5000 an saye shi wajen dala 200, amma 5000 ɗin za a zo a nema a hannunka. Kuma sau da yawa abin da aka miƙa wa mai sayen jerin sunaye ne da lambobi, babu takardar yarjejeniyar asali. Shi ya sa ake bin wanda ya riga ya biya, ake bin wanda sunansa ne kawai ya zo ɗaya da na wani. A 2015 hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ta ci tarar manya biyu daga cikinsu, Encore Capital da Portfolio Recovery Associates, saboda bin basussukan da ba su tabbatar ba.

Me ɗan uwanmu zai yi ranar da wayar ta buga?

Na farko, kada ya biya komai a kiran farko, kada ya ba da lambar asusunsa, kada ya yi alkawari. Ya tambayi sunan kamfanin da adireshinsa, ya ce a aiko masa a rubuce. Tun 1977 akwai dokar tarayya kan masu karɓar bashi. Ta wajabta musu aiko takarda cikin kwana 5 da tuntuɓar farko, mai ɗauke da adadin kuɗin da sunan wanda ke bin bashin. Daga ranar da takardar ta shiga hannunka kana da kwana 30 ka rubuta ka ce ba ka yarda ba, a kawo hujja. In ka rubuta cikin wa'adin, dole su dakata sai sun kawo. Aika wasiƙar ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu in ta isa, ka ajiye kofi. Maganar baki iska ce a can, takarda ita ce shaida.

Na biyu, ya san abin da doka ta hana su. Ba su da damar kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Ba zagi, ba ƙarya, ba cewa su ƴan sanda ne. Ba su da damar faɗa wa maƙwabcinka ko abokin aikinka cewa ana binka bashi. Tun Nuwamban 2021, kira fiye da sau 7 cikin kwana 7 kan bashi guda ana ɗaukarsa takurawa. Ga wadda ta fi tsorata mutanenmu: za mu sa a kama ka, za mu sa a maida ka ƙasarku. Ƙarya ce, kuma faɗinta laifi ne a kansu. Rashin biyan bashin kati ba laifin ɗauri ba ne, kuma dokar ba ta tambayi takardun zamanka ba kafin ta kare ka. Rubuta rana da lokaci da abin da aka ce maka, ka kai ƙorafi wajen CFPB ko ofishin babban lauyan jiharka.

Na uku, ya duba shekarun bashin, domin agogo biyu ne ke tafiya. Agogon farko na kotu ne. Kowace jiha tana da wa'adin da za a iya kai ka ƙara, galibi shekara 3 zuwa 6. A Karolina ta Arewa shekara 3 ne, New York ma ta rage nata zuwa 3 a 2022. In wa'adin ya wuce, haramun ne gare su su kai ƙara ko su yi barazanar kai ta. Amma a kula da tarkon: a jihohi da dama, in ka biya ko dala 20 ce, agogon ya koma farko. Shi ya sa za ka ji murya mai daɗi tana cewa ɗan ba da wani abu kawai don nuna kyakkyawar niyya. Tambayi lauya kafin ka ba da.

Agogo na biyu na sunanka ne. Kamfanoni uku, Equifax, Experian da TransUnion, su ke riƙe da tarihin bashin kowa, kuma shi mai gidan haya da mai sayar da mota ke dubawa. Tabon yana zama wajen shekara 7, ana lissafi daga lokacin da ka fara kasa biya. Sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta ranar. Kana da haƙƙin ganin tarihinka kyauta, in akwai kuskure ka nemi a gyara.

Na huɗu, kuma wallahi wannan ya fi duka: in sammacin kotu ya zo, kada a jefa shi ƙarƙashin katifa. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna a 2020 cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na irin waɗannan ƙararraki, a inda aka samu alƙaluma, kamfanin ke cin su don wanda ake ƙara bai amsa ba. Ba a ma nemi hujja ba. Da hukunci a hannunsu suna iya taɓa asusunka na banki, a yawancin jihohi kuma su yanki har kashi 25 cikin ɗari na albashinka. Wa'adin amsawa yakan kasance kwana 20 zuwa 30. Akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta, kuma kana iya neman tafinta a kotu. Je ka ce su nuna cewa bashin naka ne, adadin daidai ne, kuma su ke da ikon karɓarsa.

Kada wani ya fita nan ya ce an koya masa cin bashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In bashin naka ne, a zauna a sasanta. Wanda ya saya a dala 200, in ka ba shi 2000 bai yi asara ba, don haka akwai wurin ciniki. Sharaɗi shi ne a rubuta maka yarjejeniyar kafin ka biya, ta ce wannan kuɗin ya rufe bashin gaba ɗaya. A tuna kuma da lanho: in abin da aka yafe ya kai dala 600, ana iya aiko maka takarda mai lamba 1099-C, hukumar haraji ta lissafa shi cikin samunka na shekara. Kamfanin da ya kira ka ya ce biya ni tukuna in rage maka bashi, guje shi, tun 2010 aka hana irin wannan karɓar kuɗi ta waya.

Saura mu na gida. Iyayenmu, ku yi mini haƙuri da wannan. Yaron da ya daina ɗaukar waya, mai yiwuwa kunya ce ta rufe masa baki, ba raini ba. Kafin a ce masa ga bikin ƙanwarka, ga ginin ɗaki, a tambaye shi, kuɗin nan gumi ne ko kati? In wani ya kira ku ya ce ku biya bashin ɗanku ko a ɗaure shi, kada ku sayar da gona ko akuya. Uba ko wa ko ƙane ba ya ɗaukar bashin katin da bai sa wa hannu ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk mai ɗan uwa a can ya tura masa wannan jawabi yau, ya ce masa ya buɗe wasiƙun da ya tara, ya duba ranakun da ke kansu.  Allah ya raba mu da nauyin bashi.