AMSAR WASIƘUNKU: Me Binciken Malaman Jami'a Ya Tsinana Wa Manomi Da Ɗan Kasuwa?

Yau wasiƙu biyu muka haɗa, domin tambayarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani ma'aunin hatsi a kasuwar Kankiya, ta biyu daga wani manomi a ƙasar Kusada.

Na Kankiya ya ce ya ji labarin makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa mazauni aka buɗe a 2018. Yake tambaya, shin malamin da bai taɓa auna tiya ɗaya ta gero ba, me zai gano a kan ciniki wanda 'yan kasuwa ba su sani ba? Na Kusada kuwa cewa ya yi kullum yana jin an yi bincike, amma shi har yau da kaka yake sayar da hatsi da araha, damina ta yi tsakiya ya sayo da tsada. To ina amfanin binciken?

To malamai, mun gode da wasiƙunku. Gaskiya ne malamin jami'a bai fi ku iya ciniki ba. Abin da ya fi ku da shi guda ne: kai kasuwarka ka sani da ta maƙwabta, shi kuwa yakan bi gidaje ɗari ko kasuwanni hamsin, shekara da shekaru, yana rubuta farashi da abin da kowa ya samu, sannan ya jera ya kwatanta. Wannan shi ake kira bincike. Irin wannan aiki malaman sashen kasuwanci da na tattalin arziki ke yi, kuma an daɗe ana yinsa a nan ƙasarmu.

Mu fara da kusa. A 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, tana nazarin yadda magidanta ke noma da ciniki. Littafinta ya fito a 1972. Ta kasa magidantan garin kashi huɗu, daga masu wadata zuwa waɗanda ba su da na yau balle na gobe. Ta ga cewa mai wadata yakan cika rumbu da kaka, har ya saya ya ƙara, ya jira hatsi ya yi daraja. Talaka kuwa bashi da larura ke sa shi fid da nasa tun da kaka. Damina na yi, rumbu ya ƙare, sai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samu na cefane, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Baɗi ya sake samun kaɗan. Malam na Kusada, ka ga ciwon da kake kuka da shi an rubuta shi fiye da shekara hamsin da suka wuce, an kuma gano asalinsa, wato rashin abin da zai riƙe mutum daga kaka zuwa bazara.

A daidai wannan lokaci, a Samaru ta Zariya, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna David Norman ya sa ma'aikatansa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 zuwa 1967, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da aka girbe. A wancan zamani malaman gona da yawa na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Da aka buga lissafi sai ya nuna manoma ne da gaskiya. Gonar da aka haɗa shuka ta fi kawo kuɗi, kuma in ruwa ya yi gardama ba a tashi a tutar babu. Kun ga a nan bincike ya gyara wa masu ilimin boko tunani, ya kare dabarar kaka da kakanni.

Mai awo na Kankiya, ga naka. Wata malama ta Jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin gero a kasuwannin Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari bayan gari. A sakamakon da ta buga a 2010, ta nuna cewa inda waya ta isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake. Da sai ɗan kasuwa ya ɗora kaya a mota ya je ya tarar da abin da ya tarar. Yanzu kafin ya ɗaure buhu ya ji nawa ake ciki a Caranci, nawa a Dawanau. Wannan ya rage asarar tafiya a makance, amma fa ya rage ribar da ake ci da rashin sanin manomi, domin shi ma wayar na aljihunsa.

To an gano ciwo, ina magani? Biyu zan kawo muku.

Na farko wajen ajiya. Mai wake yakan yi gaggawar sayarwa ne don tsoron ƙwari. Malaman Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, sun fito da buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Tun 2007 aka fara yaɗa shi a Nijeriya da Nijar da maƙwabta. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda daban tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a ciki. Abin da Bature ya ƙi ci, shi ne 'ya'yanmu ke ci a ƙosai da alale. Don Allah a kiyaye.

Na biyu wajen kuɗi. Wasu malamai uku na jami'o'in Amurka sun yi gwaji da manoman masara a yammacin ƙasar Kenya, suka buga sakamako a 2019. An ba wasu manoma rance daidai lokacin girbi, don su biya buƙata ba tare da taɓa masararsu ba. Waɗanda suka samu rancen sun jira farashi ya tashi, suka ci ribar kusan kashi 29 cikin ɗari a kan kuɗin. Wani abin lura kuma, a ƙauyukan da mutane da yawa suka riƙe hatsinsu, farashin kaka bai faɗi warwas ba kamar yadda ya saba, har wanda bai ci rancen ba ya amfana. A Nijar ma akwai tsarin da ƙungiyar manoma ke tara amfanin gona a sito ɗaya a kulle, a karɓi kuɗi a kansa, in bazara ta yi a sayar a biya.

Ba cewa nake ku je ku ci bashi da ruwa ba. Darasin shi ne, abin da manomi ke buƙata da kaka kuɗi ne kaɗan na ɗan lokaci. Adashi na iya yin wannan aiki in an shirya kwasarsa ta faɗo da kaka. Akuya biyu ko rago da aka turke tun damina na iya yinsa. Mutum goma a unguwa ɗaya na iya haɗa sito da asusu, su riƙe wa junansu amana.

Sai gargaɗi. Farashi ba kullum yake tashi ba. A 2025 hatsi ya karye a kasuwannin Arewa, waɗanda suka saya da tsada suka kimshe da yawansu sun tafka asara. Saboda haka kafin ka ajiye, buga lissafi: kuɗin buhu, ladan dako, ramar da hatsi ke yi in ya ƙara bushewa, da abin da kuɗin zai kawo maka in ka juya su a wata sana'a. Ka fara ware abincin gida na shekara, ragowar ka raba, ka sayar da wani ka riƙe wani. Kuma ajiyar manomi daban, ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a daban. Wannan na biyun addini da al'ada duk sun yi tir da shi.

Abu na ƙarshe, ka sayi ɗan littafi na rubutu. Duk ranar kasuwa ka sa farashin tiyar gero, dawa, masara da wake. In ba ka boko, rubuta da ajami, ko ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Bayan shekara biyu ko uku za ka ga watan da kowane hatsi ke faɗuwa da watan da yake tashi a kasuwarku. Abin da shehunan malaman nan ke yi ke nan, sai dai nasu ya fi faɗi.

Su kuma malamanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da ta Bayero, muna roƙonsu abu biyu: su riƙa shigowa kasuwannin Kankiya da Kusada da ƙafarsu, kuma abin da suka gano su faɗe shi da Hausa. Binciken da ya kwanta a kabad da Turanci bai kai wa manomi ba tukuna. Filin nan a buɗe yake gare su.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu.