Lambar Ƙasa Ba a Taɓa Ta

Yau magana nake da 'yan makaranta, masu fama da aikin gida na kemistiri, musamman waɗanda jarrabawar WAEC da NECO ke gabansu.

Kuskuren da na fi gani shi ne wajen daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. An ce haidurojin ya haɗu da iskar oksijin, ruwa ya fito. Yaro ya ga oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama, sai ya mayar da H2O ya koma H2O2. To, ɗana, ka bar ruwa ke nan, ka shiga wani sinadarin daban, wanda ake wanke ciwo da shi! Ƙaramar lambar da ke ƙasa ita ce sunan abin, ba a taɓa ta. A gaba ake ƙara lamba: 2H2 da O2 su ba da 2H2O. Dalili kuwa tun 1789 Bafaranshen nan Labuwaziye ya bayyana shi: abin da ya shiga, nauyinsa ne zai fito.

Sai batun narkarwa. Gishiri giram 58.5 shi ne mol ɗaya. Idan ana son mol ɗaya a cikin lita guda, ana narkar da shi ne a ɗan ruwa, sannan a cika har lita guda. Wanda ya zuba cikakkiyar lita tun farko ya riga ya kauce.

Ni dai da malamai za su ji tawa, da kanwa da ruwan tsamiya za su fara darasin kemistiri. Kumfar da ke tashi idan an haɗa su iskar kabon-dayokzaid ce, kuma duk yaro ya taɓa ganinta a madafin gidansu.