Maganin Murɗawar Ciki da Sha'anin Bayan Gida

Jama'a, da wuya a sami kantin magani a ƙasar nan da ba a sayar da Buscopan, watau ƙwayar nan da ake sha in ciki ya murɗa. A Jamus aka fara yin ta, kuma tushenta hayosin ne, wani sinadari da ake samu a cikin zaƙami da danginsa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 10. Magani ne mai amfani ƙwarai, amma jama'a da yawa ba su san abin da yake yi wa bayan gida ba.

Hanji yana da tsoka a jikinsa wadda ke matsewa tana saki, da haka take tura abinci gaba har ya kai dubura. Idan matsewar ta yi tsanani, shi ne mutum ke jin murɗa. Aikin maganin shi ne tare saƙon da jijiya ke aika wa wannan tsoka, sai ta saki, ciwo ya lafa. To, amma hanjin da ya saki ba ya tura kaya da sauri. Kashi yakan daɗe a babban hanji, shi kuwa babban hanji tsotse ruwa ne aikinsa, saboda haka sai bayan gida ya bushe ya yi tauri. Mai yunƙuri kullum kuwa yana jawo wa kansa basir ko tsagewar bakin dubura.

A bakin dubura akwai tsoka biyu masu kama da zobe. Ta ciki tana rufe da kanta ko mutum yana barci, ta waje kuwa ita ce mutum ke matsewa da nufinsa har ya kai makewayi. Maganin ba ya taɓa ta wajen, don haka ba ya ƙara wa kowa ƙarfin riƙewa, ko da yake mai yawan jin matsuwa saboda murɗa yakan sami sauƙi.

Inda hatsarin ya fi yawa shi ne wajen tsofaffi da majinyatan da ke kwance. Busasshen kashi yakan taru ya toshe dubura, sa'an nan mai ruwa-ruwa ya riƙa zagaye shi yana tsiyaya a wando, mai shi bai ma sani ba. Iyali sai su ce zawo ne, su ƙara masa ƙwayar, ko su haɗa da Imodium mai tsayar da gudawa, alhali kuwa toshewar suke ƙara wa ƙarfi. Dattijo, don kunya, ba ya faɗi, har ya daina fita sallar jam'i. Irin wannan sai a kai shi asibiti a duba duburar a fitar da abin da ya toshe.

Maganin yakan busar da baki, ya sa gani dishi-dishi, ya sa zuciya bugawa da sauri. Kada mai hawan jinin ido ya sha, haka nan dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, da yaron da bai kai shekara 6 ba. Wanda cikinsa ya kumbura yana amai, ba kashi ba tusa, ko mai atini da zazzaɓi, ko wanda ciwo ya tsaya masa a ƙasan ciki ta dama, lalle ne a garzaya da shi wurin likita kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya.