Aliyu Namangi da idon zuci



A Zariya aka haifi Malam Aliyu Namangi, kuma tun yana ƙarami ya rasa idanunsa. Wani zai ce ai shi ke nan, duniya ta rufe masa ƙofa. Shi kuwa ya nemi ilimi, ya tsara waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne inda ya tsaya ya dubi rayuwa. Mu masu ido, ƙyalli ke ɗauke mana hankali: gida, riga, mota. Shi ya dubi mutuwa da kabari da ranar hisabi, ya cika bakinsa da yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Daga wannan matsayi sai wahala ta yi sauƙi, dukiya ma ta rage girma.

Makafi sun daɗe suna rera baitocinsa a kasuwa da tasha. Mukan miƙa sadaka mu wuce, muna jin tausayinsu, alhali gargaɗin da ke bakinsu mu ake yi wa. Gobe in kun ji ana rerawa, don Allah ku dakata ku saurara har baiti ya ƙare.