Amsoshin Wasiƙunku: Direban Da Ya Ci Tsere Aka Hana Shi Kofi

Yau wasiƙa guda ɗaya za mu ɗauka, domin tambaya uku ta ɗauko, kuma kowace da nauyinta. Ta fito ne daga tashar motar Sabon Birni, daga hannun wani saurayi yaron mota, wanda ya ce suna lodin Isa, ranar Alhamis kuma su wuce kasuwar Shinkafi. Ya roƙa kada a faɗi sunansa, wai maigidansa ba ya kashe rediyo. To, mun rufa maka asiri, amma in ya gane ka ba ruwanmu.

Ya ce gardama ce ta sarƙe tsakaninsa da maigidan nasa. Ya ga hoton wasu motoci a waya suna zagaya fili kamar an koro su, sai ya ce ai akwai mutanen da wanga gudu shi ne abincinsu. Maigida ya ce faufau, 'ya'yan masu kuɗi ne ke ɓarnar mai. Shi ne yake tambaya: shin sana'a ce? Baƙin mutum ya taɓa yin ta? Kuma ta ina ake farawa, don shi ma yana jin ƙafarsa ta iya totur.

To ƙanena, amsar farko gajeruwa ce. Sana'a ce, ana cin abinci da ita, wasu har sun yi arziki. Irin tseren da ka gani na ƙasar Amurka ne, ƙungiyar da ke shirya shi sunanta NASCAR, wani mai suna Bill France ya kafa ta a garin Daytona cikin 1948. Abin da ya raba shi da sauran tsere a farkon lamari shi ne motocin. Ba a ƙera musu wata mota ta musamman ba, motar kasuwa ce, irin wadda kowa zai je ya saya ya ɗauki iyalinsa. Ka ɗauka a ce an tara Fijo goma da Golf goma daga tasharku an ce a gwada. Yau kam sai dai bodin ya yi kama da na kasuwa, ciki an sake komai. Filin kuma ba hanya ce miƙaƙƙiya ba, kewaye ne mai siffar ƙwai, akasari hagu kawai ake karyawa. Babban tserensu na Daytona mil 500 ne, wajen kilomita 800 ke nan, zagaye 200, motoci kusan 40 a cunkushe, gudun kuma yakan kai kilomita 300 a awa.

Amma tsaya ka ji asalin abin, don na san zai ba mutanen bakin iyaka dariya. 'Yan fasa-ƙwauri ne suka haifi wannan wasa. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta hana sayar da barasa. Bayan an ɗage dokar ma, talakawan ƙauyukan kudu suka ci gaba da dafa tasu a daji don gudun haraji. Kayan kuwa sai an kai su birni da dare. Sai samari suka riƙa gyaran motocinsu: a ƙara wa inji ƙarfi, a sa sifirin mai tauri don kada bayan mota ya zauna ya tona asirin lodi, a cire kujerar baya. Daga waje mota ce kamar ta kowa. Ran hutu sai gardama ta tashi, tawa ta fi taka, a sami fili a gwada, jama'a su taru kallo. Da aka ga ana biyan kuɗin shiga, shi ke nan kasuwa ta buɗe. Wani gwaninsu, Junior Johnson, wanda ya ci manyan tsere 50, sai da ya yi wata 11 a kurkuku saboda barasar gidansu, shugaba Reagan ya yafe masa a 1986. Duk wanda ya san yadda jarkokin fetur suka riƙa bin ɓarauniyar hanya zuwa Maraɗi da Madawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba yabon sana'ar nake yi ba, kada 'yan kwastan su rubuto mini. Tarihi ne, haka ya zo.

Tambaya ta biyu ita ce mai nama, a nan za mu daɗe. E, baƙin mutum ya yi, sunansa Wendell Scott. An haife shi a garin Danville ta jihar Bajiniya a 1921. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike a gidajen Turawa masu hali, a wurinsa yaron ya fara riƙe sifana. Bai gama sakandare ba ya kama tuƙin tasi. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka ɗauke shi soja, aikinsa gyaran motoci, a rundunar da aka ware baƙaƙe daban. Da ya dawo ya buɗe gareji, da dare kuma yakan yi wancan jigila da na gaya maka. A 1949 aka kama shi, kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara 3.

Ka san zamanin nan a kudancin Amurka baƙi da fari ba sa shan ruwa a famfo ɗaya. Scott yakan je kallon tsere, amma daga sashen da aka keɓe wa baƙaƙe. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1952 masu filin tsere na Danville suka ga 'yan kallo sun ragu, sai suka yi dabara: bari a sa baƙin direba guda, ko don mutane su zo kallon abin mamaki. Suka tambayi 'yan sanda wane ne ya fi gudu cikin baƙaƙen garin. Su kuwa wa za su faɗa in ba wanda ya sha barin su da ƙura ba? Haka ya shiga, da tsohuwar Ford ɗinsa, yana da shekara 30. Su abin kallo suka nema, shi kuwa da gaske ya zo.

Ƙungiyar NASCAR da farko ta ƙi shi. Yakan jawo motarsa zuwa fili a ce ya koma, ba a karɓar irinsa. Sai a Richmond wani jami'i ya sayar masa da lasin. Shekara tara ya yi a ƙananan filaye na ƙasa, masu ƙura da ramuka, ya ci tsere da dama, har a 1959 ya zama zakaran jihar Bajiniya a ajinsa. A tsakanin nan an zage shi daga cikin 'yan kallo, an yanka masa taya, wasu direbobi sun riƙa tura shi jikin katanga da gangan. Bai cika ramawa ba, kuma ba tsoro ba ne. Lissafi ne. Ya san ranar da ya ɗaga hannu a kan Bature, ranar ce ta ƙarshe da zai shiga fili. Na san Bagobiri zai ce shi ba zai iya wannan ba, jinin Bawa Jan Gwarzo ba ya barin ta kwana. To shi da haɗiye ta ya yi shekara 21 a cikin sana'ar.

A 1961 ya hau babban aji, inda manyan ke karawa. A nan ne maganar maigidanka take da ƙamshin gaskiya, kada ka raina ta. Manyan direbobi kamfanonin mota ne ke bayansu, Ford da Chrysler da sauransu, sababbin injuna, sababbin tayoyi, makanikai a jere. Scott ba shi da kowa. Motocinsa kwance ne, na hannu, waɗanda wasu suka gama yayi da su. Tayoyin da wasu suka cire shi yake ɗaurawa. 'Yan taimakonsa a bakin fili 'ya'yansa ne da abokai. Akwai lokutan da zai tsaya shan mai, ya fito da kansa ya taya canza taya, ya koma ya ɗaura ɗamara ya ci gaba. Shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne mai mota, shi ne kuma zai ja ta cikin dare zuwa gari na gaba, a hanyar da ba kowane gidan abinci zai sayar masa ba. Lambar motarsa 34.

Sai ranar 1 ga Disamba 1963, a garin Jacksonville ta jihar Fulorida. Fili ne na ƙasa, rabin mil, tseren mil 100, wato zagaye 200. Filin ya lalace ƙwarai, ramuka suna ta karya motoci. Shi kuwa a irin wannan ya girma. Da wata Chevrolet da ya saya a hannun wani direba mai suna Ned Jarrett ya shiga. Richard Petty, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Sarki, yana gaba sai motarsa ta sami matsala, Scott ya wuce shi. Ya cika zagaye 200, mai tuta bai ɗaga ba. Ya ƙara ɗaya, shiru. Ya ƙara na biyu. Sai aka ɗaga wa wani Bature mai suna Buck Baker tuta, aka ce shi ya ci, aka ba shi kofi, aka yi hotuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Scott bai tafi ba. Ya tsaya ya ce a sake ƙirga. Bayan kamar awa biyu, jama'a sun watse, sai jami'ai suka ce kuskuren lissafi ne, shi ne ya ci, har da ratar zagaye biyu. Suka ba shi kuɗinsa, dala 1,000. Kofi kuwa ya riga ya yi gaba. Al'adar wurin ita ce akwai budurwa Baturiya da ke miƙa kofi, wanda ya ci ya sumbace ta gaban jama'a. Iyalinsa da mutane da yawa sun tafi a kan cewa wannan ne aka guda. Ni dai tsohon malamin makaranta ne, na koyar da lissafi, kuma ban taɓa ganin kuskuren da ke gyara kansa sai bayan 'yan kallo sun tafi gida ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, ƙanena, tunda ka ce ƙafarka ta iya totur. A babban aji Scott ya shiga tsere 495 cikin shekara 13. Sau nawa ya zo na ɗaya? Sau ɗaya tak, wancan na Jacksonville. Amma sau 147 yana cikin goman farko, kuma a 1966 shi ne na 6 a jimillar makin shekara, da motar kwance, gaban mutanen da kamfani ke ciyarwa. Yaya aka yi? Ba ya kashe mota. Ya san in inji ya fashe yau, babu na gobe, babu kuɗin makarantar yara. Kunnensa na kan inji, ya san inda zai taka da inda zai ɗaga ƙafa, ya bar masu zafin kai su wuce, can gaba ya tarar da su a gefe hayaƙi na tashi. Kuɗin tsere sai wanda ya kai ƙarshe. A ganina sifana ce ta riƙe shi a sana'ar nan, totur ɗan rakiya ne.

Ƙarshen abin bai yi daɗi ba. A 1973 ya ci bashi, ya jinginar da abin da ya mallaka, ya sayi mota mai kyau ƙirar Mercury, irin wadda bai taɓa samu ba, ya kai ta filin Talladega, wanda ya fi kowane gudu. Tun tseren bai yi nisa ba aka yi karo na motoci wajen 20, tasa na ciki. Ya karye a haƙarƙari da ƙugu, motar ta zama tarkace. A shekarar ya bar tsere, ya koma garejinsa yana biyan bashi. An yi fim a kan rayuwarsa a 1977. Ya rasu a Disamba 1990, yana da shekara 69, bai ga kofinsa ba. A 2015 aka sa sunansa cikin zauren gwarzayen NASCAR, sannan a Agusta 2021 aka kira iyalinsa Daytona aka miƙa musu kofi, shekara kusan 58 bayan tseren. A Oktoban shekarar ne wani baƙin direba, Bubba Wallace, ya ci babban tsere, na biyu ke nan a tarihi bayan Scott, kuma a Talladega ɗin.

Saura tambayarka ta uku, ta ina ake farawa. A can yara kan fara da 'yan ƙananan motoci a fili killatacce tun suna firamare, su yi ta hawa aji aji, kowane mataki kuma sai da mai ɗaukar nauyi. A nahiyarmu abin da aka fi sani shi ne tseren hanya, mai bin daji da ƙauyuka. Na Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Nijar ta Agadas, kafin ya bar Afirka a 2009, daga 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa. A Kenya akwai na Safari, inda Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta zo ta ɗaya a 1975. Nan kusa da mu ma an sha haɗa jerin gwanon motoci da bikin kamun kifi na Argungu.

Amma kada ka ce za ka koya a hanyar Isa. Motar ɗan tsere an ɗaure cikinta da bututun ƙarfe kamar keji, ƙofofinta ba sa buɗewa, yana sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, motar asibiti na tsaye tana jira, duk motocin gefe ɗaya suka dosa, ba jaki, ba raƙumi, ba ɗan acaɓa. Da duk wannan, Dale Earnhardt, wanda ya zama zakara sau 7, a zagayen ƙarshe na Daytona ya mutu a 2001. Shi kuma ransa kaɗai ya ɗauka. Kai za ka ɗauki mutum goma da buhunan gero a kan tayar da ta sha faci. Na sani, halin da hanyoyinmu suka shiga na 'yan bindiga ya sa direba ba ya son rage gudu a wasu wurare, ba wanda zai ga laifinsa a nan. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wannan gudun tsira ne, daban yake da na nuna bajinta.

In maigida ya shiga gareji, kada ka tsaya gindin bishiya kana shan shayi. Shiga ƙarƙashin motar tare da bakanike, ka ga yadda ake ɗaura birki, ka koyi kukan inji mai lafiya da na marar lafiya. Shi kuma maigida, da na tabbata yana ji, a yi haƙuri a riƙa ba yaro sitiyari a fili in an sauke lodi. Gardamarku kuwa kunnen doki kuka yi, kowa ya biya kuɗin shayinsa.

Masu wasiƙu daga Gatawa da Goronyo, mun gani, suna layi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.