Nauyin Baki A Cikin Jama'a: Ina Mafita?

Jawabin wannan wata ya shafi mutumin da bakinsa kan yi nauyi idan ya shiga taro. Kowane gari akwai irinsa. Yana da magana a ciki, amma da zarar idanu sun juyo kansa sai gumi ya karyo masa, ya sunkuyar da kai, har a tashi bai ce uffan ba.

Wannan fa ba ita ce kunyar tarbiyya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, saurayi ba ya sakin baki gaban surukansa. Wannan al'ada ce, ba wanda ya ce a bar ta. Haka kuma son zama shi kaɗai ba ciwo ba ne. Tun a shekarar 1921 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya bayyana cewa halin mutane iri biyu ne: wani hankalinsa ya fi karkata ga jama'a, wani kuwa ga tunanin zuciyarsa. Kowanne lafiyarsa lau.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da shirun ya fara jawo asara. Mace ta kai yaro asibiti, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta, sai ta ce "zazzaɓi ne" ta yi shiru, alhali yaron ya kwana biyu yana gudawa. Manomi ya ji malamin gona ya faɗi ma'aunin maganin feshi, bai gane ba, ya ji nauyin tambaya, ya je ya ƙona wakensa. A taron ƙungiya a raba taki babu sunansa, sai ya koma gida ya yi ta ƙorafi ga iyali, waɗanda ba su da buhu ko ɗaya da za su ba shi.

Abin da ya fi ɗaure irin wannan mutum shi ne zaton cewa kowa na ƙirga kurakuransa. A shekarar 2018 wasu masana a Amurka sun fitar da sakamakon bincike kan baƙin da aka haɗa hira. Sun gano cewa yawanci mutum kan raina irin yadda abokin hirarsa ya ji daɗin zama da shi, kuma abin ya fi yawa ga masu jin kunya. Wato dai shi yana can yana cizon yatsa, ɗayan kuwa ya tafi yana yabonsa.

To, ta ina zai fara? Bahaushe ya riga ya sauƙaƙa masa, domin gaisuwarmu doguwa ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Wanda ya cika gaisuwa, ya ɗaga kai, ya ɗaga murya yadda za a ji, ya riga ya ci rabin hanya. Abin da ya rage shi ne ya ƙara tambaya guda a kan amsar da aka ba shi. In an ce masa ruwa ya yi gyara, sai ya ce, "To Malam, gero ka fara shukawa ko dawa?" Daga nan hira ta kama kanta. Masana a jami'ar Harvard sun nuna a 2017 cewa an fi son mai yin irin wannan tambaya ta bin baya, saboda alama ce ta cewa yana saurare. Mai shiru kuwa dama gwanin sauraro ne.

Kada ya fara da babban taro. Ya gwada da mai shayi, ko maƙwabcin gona, mutum ɗaya a rana. In zai je asibiti ko ofis, ya shirya abin da zai faɗa tun daga gida, abu biyu ko uku, kada su wuce haka. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. In magana ta sarƙe masa a tsakiya, ya ce, "A yi mini haƙuri in sake," ya numfasa, ya ci gaba.

Shugabannin ƙungiyoyi da malaman aji su ma da nasu aikin. Su riƙa kiran mai shiru da sunansa, su tambaye shi abin da ya sani sosai, su kuma tsawata wa masu dariya. Amma wanda tsoron mutane ya kai shi ga daina zuwa kasuwa da suna da jana'iza, ya kamata 'yan'uwa su raka shi ya ga likita, domin wannan akwai maganinsa.